Ranar da Gracinda Ta Sa Hanci a Manjeriko

SHAFI NA 17

To, masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha iska. Ke kuma da kika rubuto cewa a cikinmu mu huɗu ni na fi kowa baki, na gode, ba ke kika fara faɗa ba. Karanta wannan shafin ki ga inda bakin ya kai ni.

Mun tsaya a unguwar Alfama, ranar jajibirin bikin Waliyyi António. Mu huɗu ne kamar kullum, ni Odete, da Zulmira, da Celeste, da Gracinda. Tun muna da ƙuruciyarmu muke tare a masaƙar ulu ta Covilhã, yanzu duk mun yi furfura, amma ba mu fasa ba, duk shekara sai mun hau jirgin ƙasa mun zo Lisbon mun ci gasasshen kifin sadin, mun yi yawon ganin gari, mu koma gida da kumburarrun ƙafafu. Gracinda ce 'yar garin, aure ne ya kai ta wajenmu. Saboda haka ba mu taɓa riƙe taswira ba, ita muke bi kamar tumaki.

Sai dai bana tun safe take ta zagaye da mu.

Akwai wata matattakala mai tsawo, mai shuɗin tayil a gefe. Mu hau, mu ɓulla wani lungu, mu sauko, can sai in ɗaga kai in gan mu a gindinta kuma. Da muka samu tebur a wani ɗan gidan abinci, zama na yi kamar an jefar da buhu.

"Gracinda, faɗa min gaskiya, nawa mai matattakalar nan ya biya ki?"

Ta yi murmushi.

"Wace matattakala?"

"Ku ji ta fa! Wai wace matattakala. Wadda ta cinye min gwiwa tun safe mana. 'Yar gari ke nan! Da kare muka biyo da tuni mun ga kogi."

Celeste ta tuntsire da dariya har tana share ido. Zulmira ba ta yi dariya ba. Burodi take ta gutsura tana tarawa a gefen faranti.

"Odete, ki bar ta haka," ta ce.

"In bar ta? Ke lauyarta ce?"

"Zafi ake yi. Kowa zai iya rikicewa."

"A unguwar da aka binne cibiyarsa?"

Ta koma kan burodinta. Ni kuwa na ɗauka na ci gardama, har da gyara zama.

Aka kawo sadin, kowane a kan yankin burodinsa, mai yana tsiyaya, ga gasasshen tattasai. Hayaƙi ya cika lungun, ƙyallayen takarda masu launi suna ta kaɗawa a samanmu, wani ya ƙure rediyo ta taga. Nan Celeste ta sunkuya ta ciro abin da ta ɓoye a ƙarƙashin tebur.

Manjeriko ne. 'Yar ɗoɗɗoyar nan mai ƙananan ganye, a dunƙule a cikin tukunyar ƙasa, wadda saurayi ke ba budurwarsa a wannan biki. Abílio, mijin Gracinda, bai taɓa fashin saya mata ba har ya koma ga Allah. Tun daga nan mu muka karɓi aikin.

"Ga na bana, amarya," in ji Celeste.

Gracinda ta karɓa da hannu biyu. Ta kalle shi. Sai ta sunkuya ta cusa hancinta cikin ganyen ta ja dogon numfashi.

Lomar da ke bakina ta tsaya.

Kowa ya san ba a sa hanci a manjeriko, bushewa yake yi. Tafin hannu ake ɗorawa a hankali, a shafa, sai a shinshina hannun. Kuma wa ya koya mana wannan? Gracinda. Shekarar farko da muka zo, ni da ƙauyancina na kai hanci, ta make min ƙeya a gaban mutane, har yau in na tuna sai na shafa wurin. Baƙi ma ba ta ƙyale su, sai ta tsallaka titi ta gyara wa mutumin da ba ta sani ba.

"Gracinda!" in ji Celeste, ta dafe ƙirji. "Hanci?"

Gracinda ta ɗago tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Me na yi?"

Ba wasa a muryarta. Na san wasan Gracinda, idonta na hagu ne ke fara tonata. Wannan karon idon a buɗe yake, irin na yaron da aka tsawata wa bai san laifinsa ba.

Gabana ya faɗi. Amma bakina, wannan bakin nawa, shi ya riga ni.

"Shi ke nan, tsufa ya gama da ke. Gobe kuma sai ki tambaye mu sunanki."

Zulmira ta ajiye cokali mai yatsu da ƙarfi har faranti ya yi ƙara.

Gracinda ta miƙe a hankali.

"Bari in shiga banɗaki."

"In raka ki?" Zulmira ta yi zumbur.

"Haba Zulmira," na ce, "har banɗakin ma sai da 'yar rakiya? Zauna ki ci kifinki, yana hucewa."

Na ja hannunta ta koma kujera. Ni na ja ta, da hannuna. Gracinda ta shige ciki rungume da tukunyar, ta bar jakarta a rataye a kujera.

"Har shi za ki kai banɗakin?" na ɗaga murya.

Ba ta waiwayo ba.

Muka ci gaba da ci. Wato ni da Celeste muka ci, Zulmira idonta na kan ƙofa. Na gama kifina, na cinye burodin da ya sha mai, na lashe yatsu. Kifin Gracinda ya huce, ƙuda ya fara zagaye shi.

Zulmira ta tashi ta shige ciki.

Ba ta jima ba ta fito da gudu. Zulmira da ke fama da ƙugu, da gudu.

"Ba ta ciki."

"Kamar yaya ba ta ciki?"

"Ba ta ciki, Odete! Banɗakin ba kowa!"

Mai gidan abincin ya biyo ta, wani mai ƙaton tumbi da tawul a kafaɗa.

"Iyayena, lafiya? Mai riga ruwan toka kuke nema, mai tukunya?"

"Ita!"

"Ai ta fita ta ƙofar baya. Ta nan kicin, tana ɓullawa lungun sama. Har ta ce min in gaida mahaifiyata."

"Ka san ta ne?"

Ya sosa kai.

"Ban san ta ba. Mahaifiyata kuma ta daɗe da rasuwa. Na ɗauka dai irin gaisuwar manya ce."

Na juya na kalli Zulmira. Fuskarta ta yi fari fat.

"To mene ne na tashin hankali?" na ce, ina jin muryata ba ta yi kama da tawa ba. "Unguwarsu ce. Ta je gaida wata tsohuwar ƙawa, yanzu za ta dawo."

"Ba za ta dawo ba."

"Me kika ce?"

"Ba za ta gane hanya ba."

Celeste ta yi alamar gicciye.

Na kama hannun Zulmira na ja ta gefen bango, inda hayaƙi bai kai ba.

"Zulmira, kalle ni. Me kika sani?"

"Na yi rantsuwa, Odete."

"Rantsuwarki ta ci ƙaniyarta! Me kika sani?"

Sai ta fashe da kuka. Tun da nake da Zulmira sau ɗaya na ga hawayenta, ranar da aka rufe masaƙa.

"Ciwon mantuwa ne. Tun kafin Kirsimeti likita ya faɗa. Ni na raka ta."

Na jingina da bango.

"Tun kafin Kirsimeti."

"Eh."

"Muna tare kullum. Muna shan kofi tare kullum. Kika zuba min ido ina yi mata tsiya?"

"Ta ce kar a faɗa miki."

"Ni? Me ya sa ni?"

Zulmira ta share hanci da bayan hannu.

"Ta ce in kika sani za ki daina tsokanarta. Za ki koma yi mata magana a hankali kamar mara lafiya. Ta ce ranar da Odete ta daina zaginta, ranar ta san ta gama."

Ni da ba a taɓa rufe min baki ba, na tsaya ina kallon takalmina.

"Ni fa?" in ji Celeste da ƙaramar murya. "Ni me ya sa ba a faɗa min ba?"

"Ke da kin ji, limamin coci ya ji, kafin Lahadi duk Covilhã ta ji."

Celeste ta buɗe baki, ta rufe. Ta san gaskiya ce.

"To a kira 'yan sanda," ta ce.

"A'a!" Zulmira ta riƙe mata hannu. "Don Allah a'a. Suna zuwa za su nemi danginta. Za su kira Telmo."

Telmo shi ne ɗan Gracinda tilo, yana aiki a Luxembourg. Ni na riƙe shi ranar baftismarsa, ni na goya shi lokacin da uwarsa ke aikin dare.

"To in an kira shi fa? Ba ɗanta ba ne?"

"Odete, ba ki gane ba. Ya fara zargi. Da bazara ta bar tukunya a wuta, maƙwabta suka faɗa masa. Ya riga ya nemo mata wuri a gidan kula da tsofaffi, can kusa da shi. Ya ce in aka sake ko da abu ɗaya ne, zai zo ya ɗauke ta, ya rufe gidan."

"Luxembourg? Gracinda? Wadda ko gaisuwarsu ba ta iya ba?"

"Shi ya sa. Ta ce gara ta mutu a kicin ɗinta, tana kallon itacen ɓauren da Abílio ya dasa. Ni nake ce masa lafiyarta ƙalau. Maganata kaɗai ta hana shi zuwa."

"Ya san muna Lisbon?"

Zulmira ta sunkuyar da kai.

"Zulmira."

"Ya hana. Ya ce bana kar ta je ko'ina. Na ce masa muna gida."

"Uwa Maryamu!" in ji Celeste.

"Ta roƙe ni ne! Har ƙasa ta durƙusa. Ta ce wataƙila baɗi ba za ta san mene ne Lisbon ba, a bar ta ta gan shi tana sane. Ke da ke ce, me za ki yi?"

Na san amsar.

"Kuma kullum in ya tashi daga aiki sai ya kira ta, kiran bidiyo," Zulmira ta ƙara. "Sai ya ga fuskarta yake samun natsuwa."

Duk muka juya muka kalli jakar Gracinda da ke rataye a kujera.

Na ɗaga kai na duba rana. Ta fara karkata. Lungun da muka samu da sauƙin mutane ɗazu ya fara cika, samari na jan akwatunan abin sha, ana ta jera tebura. Duk wanda ya san wannan biki ya san in yamma ta yi, ko ɗanka ka saki hannunsa a Alfama sai gobe. Ga taragon lantarki da ke shan kwana ba ya jiran kowa, ga matattakalu masu santsin man kifi, ga kogi a ƙasa.

"Ku saurara," na ce. "Celeste, ki zauna nan ko za ta dawo. Zulmira, ki bi ƙasa wajen kogi. Ni zan bi sama. In rana ta faɗa bayan cocin can ba mu gan ta ba, ni da kaina zan kira 'yan sanda, Telmo ya yi abin da zai yi. Gara ta rayu a Luxembourg."

Zulmira ta gyaɗa kai.

Na ciro wayar Gracinda daga jaka na jefa a aljihun rigata.

Celeste ta riga ta haɗa hannu ta fara addu'ar Waliyyi António ta neman abin da ya ɓata. Ita ce gwanarmu a wannan, ta sha nemo mana makulli da 'yan kunne da ita. Sharaɗin dai ɗaya ne, a karanta ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, in harshe ya sarƙe abin ba zai dawo ba.

Ina juyawa zan tafi na ji ta tsaya a tsakiya.

Ta sake farawa. Ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Odete," ta ce, idonta ya cika da hawaye, "ta ƙi fita."

"Ki yi ta yi har ta fita! Gracinda ba makulli ba ce!"

Na shige ta kicin na fita ta ƙofar baya.

Lungun sama siriri ne, mutum biyu ba sa jerawa. Shanya a sama, kyanwa a ƙasa. Na bi shi ina leƙa kowace ƙofa.

"Baiwar Allah, ba ki ga wata dattijuwa da tukunyar manjeriko ba?"

Matar da ke fifita gawayi ta kalle ni kamar na zare.

"Uwata, yau kowa da tukunyar manjeriko yake."

Gaskiyarta. Duk inda na duba tukunya ce, duk inda na duba furfura ce. Na hango wata mai riga ruwan toka, na ruga na dafa kafaɗarta, ta juyo, wata baƙuwa ce da kyamara a wuya. Na ba ta haƙuri da hannu.

"Gracinda!"

Kiɗa ya haɗiye muryata.

"Gracinda! Ke tsohuwar banza, ina kika shiga?"

Wasu samari suka yi dariya. Ban kula su ba. Ƙirjina na bugawa kamar injin saƙa, gumi ya jiƙa min baya.

Sai aljihuna ya fara rawa.

Na ciro wayar. Hoton Telmo ne, yana murmushi da 'yarsa a kafaɗa.

Na tsaya cak a tsakiyar hanya, mutane na ture ni. In na ɗauka, zai ga ƙyallaye, zai ji kiɗa, zai gan ni ni kaɗai. In ban ɗauka ba, zai sake kira. Na riƙe ta a hannu kamar garwashi har ta gaji ta yi shiru.

Ban kai ga mayar da ita ba tawa wayar ta fara ƙara. Zulmira ce.

"Kin gan ta?"

"A'a. Odete, ya kira ni."

"Kika ce me?"

"Na ce tana barci."

"Ya yarda?"

"Ya ce wane irin kiɗa ne wannan a gidan mai barci. Na ce rediyon maƙwabta ne. Sai ya ce in tashe ta, zai sake kira yanzu. Odete, muryarsa ta canza."

"Ci gaba da nema."

Na kashe.

Na tsaya na dafa bango ina haki. Ban san unguwar nan ba. Shekara da shekaru ina zuwa, ban taɓa lura da kwana ɗaya ba, ina bayan Gracinda ina surutu. Abu ɗaya kawai ƙafata ta haddace yau, wannan la'ananniyar matattakala mai shuɗin tayil.

Sai wani abu ya faɗo min.

Duk shekara akwai inda Gracinda ke tsayar da mu. Wata 'yar ƙofa koriya, ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya ake shiga. Gidan da aka haife ta. Ta nuna dokin ƙofar ta ce, "A nan Abílio ya miƙo min tukunyar farko, hannunsa na rawa har ƙasa na zuba." Mu kuma mu ce mun ji, mun ji, mu je yunwa muke ji.

Bana ba ta kai mu ba.

Kuma ƙofar nan a saman wata matattakala take.

Ashe ba ɓata take yi da mu ba tun safe. Gida take nema. Ƙafarta na kawo ta gindin hanyar, in mun hau sai kan ya ƙwace mata, ta rasa kwanar ƙarshe. Ni kuma ina bayanta ina ce mata kare ya fi ta.

Na tari wani dattijo mai sayar da furannin takarda.

"Malam, matattakala mai shuɗin tayil a gefe, doguwa, ta ina take?"

Ya nuna da haɓa.

"Ki sauka nan, ki bi hagu. Ki taka a hankali, uwata, an zubar da mai."

Ban taka a hankali ba.

Na hau ta ina jan ƙarfen gefe, gwiwata na kuka, numfashina na fita da ƙara. A sama hanya ta rabu. Da safe dama muka yi ta bi. Na bi hagu, ta ƙarƙashin wani ɗan bakan gini mai duhu da ban taɓa lura da shi ba.

Ga ƙofar.

An sake mata fenti, an liƙa wani ɗan akwatin makulli na masu haya a jikin bango, amma ita ce.

Ga Gracinda zaune a dokin ƙofar, ƙafafu a haɗe, tukunya a cinya. Takalminta ɗaya ya ɓace, safarta ta yi baƙi. Amma lafiyarta ƙalau. Ba jini, ba rauni.

Na gode wa Allah, na gode wa Waliyyi António, har Celeste na gode wa.

Na tsaya ina kallonta kafin in ƙarasa. Ta ɗora tafin hannunta a kan ganyen a hankali, ta shafa, ta kai hannun hancinta ta lumshe ido. Daidai yadda ta koya mana.

Na ce a raina, ta dawo. Abin ya wuce. Yanzu in gyara mata gashi, in ja ta ƙarƙashin bakan ginin nan inda ba ƙyallaye, in Telmo ya kira ta ce masa ta tashi daga barci, shi ke nan.

Na share fuskata, na ɗaure murya. Ta ce kar in daina tsokanarta, to ba zan daina ba.

"Ke dai an yi tsohuwar kawai! Banɗakin naki a nan yake? Kin bar kifinki ƙuda na biki a kai."

Ta ɗago ta dube ni. Ta yi murmushi mai kyau, irin wanda take yi wa baƙi a coci.

"Sannu, baiwar Allah."

Na yi dariya. Dariyar ta fito a karkace.

"Bar wasan nan, Gracinda. Tashi mu je."

"Au, kin san sunana? Ke ƙawar Mama ce?"

Na nemi idonta na hagu. Bai motsa ba.

Na durƙusa a gabanta, gwiwar da nake ta yi wa kuka ban ma ji ta ba.

"Ni ce. Odete."

"Odete," ta maimaita, tana ɗanɗana sunan. Sai fuskarta ta washe. "Ina da ƙawa Odete! A masaƙa. 'Yar gajera ce, ga baki kamar rediyo. Amma kin ga, duk duniya ba mai zuciyarta. Na ce mata bana zan kawo ta ta ga garinmu." Ta leƙa bayana. "Ba ki gan ta a hanya ba? Ba ta san gari ba, tsoro nake kar ta ɓata."

Hawaye suka zubo min, ban iya tare su ba.

"Ayya, kar ki yi kuka," ta ce. Ta miƙo min tukunyar. "Ungo, ji ƙamshi. Amma ba a sa hanci fa, hannu ake sawa."

Na ɗora hannuna a kan ganyen. Na shafa a hankali.

"Gracinda, ki saurare ni da kyau. Yanzu waya za ta yi ƙara. Telmo ne. Ki ce masa kina gida, kin tashi daga barci. Kin ji? Kina gida."

"Ai ina gida," ta ce, ta shafa koriyar ƙofar. "Mama ce ba ta buɗe ba tukuna."

"Telmo, Gracinda. Ɗanki. Telmo!"

Aljihuna ya fara rawa.

Na ciro wayar don in kashe ta, na rantse kashe ta zan yi. Amma Gracinda na jin waƙar kiran ta miƙo hannu.

"Tawa ce wannan."

Ta zare ta daga hannuna. Kafin in ce a'a, yatsanta ya goga gilashin, yadda ya saba yi kullum da yamma.

Fuskar Telmo ta cika wayar. Yana cikin mota, da rigar aiki.

"Mama! Haba Mama, tun ɗazu nake..." Ya tsaya. Idonsa ya wuce ta, ya sauka kan ƙyallayen da ke kaɗawa a samanmu, ya sauka kaina a durƙushe da jiƙaƙƙiyar fuska. "Inna Odete? Ina ne nan? Mama, ina kuke?"

Gracinda ta daɗe tana kallonsa, da ladabi, kanta a ɗan karkace.

Sai ta juyo da wayar wajena, ta rage murya don kar ya ji kunya.

"Baiwar Allah, taimaka masa mana. Wannan bawan Allah mamarsa yake nema."